Yadda Ake Binciken Babbar Lamba: Misali da 1,267,000 da Maƙwabciyarta

Duk yaron da ya zauna ajin firamare a Nijar ya haddace cewa faɗin ƙasarmu murabba'in kilomita 1,267,000 ne, amma ba kasafai ake tsayawa a dubi lambar ita kanta ba, a tambayi yadda aka gina ta da rukunin da take ciki. Ni da nake koyar da lissafi a nan Tawa, da ita nake fara nuna wa ɗalibai yadda ake binciken babbar lamba, domin sun riga sun san ta, ba ta firgita su kamar baƙuwa. A nan zan bi hanyar dalla-dalla da biro da kaye kawai, sa'an nan in ɗauko maƙwabciyarta 1,267,001, wadda ɗaya tak ta raba su amma halinsu ya sha bamban. Kusan duk wani hali na lamba ana karanta shi ne daga tubalan da aka gina ta da su, wato lambobin da ake ninkawa a same ta, saboda haka wanda ya iya wargaza ta zuwa tubalanta ya ci ƙarfin aikin.

Ka fara da karanta ta daidai

Kafin kowane lissafi, ka tabbatar da abin da ke rubuce a gabanka. Littattafanmu na Faransanci suna raba dubbai da fili ko da ɗigo, waƙafi kuwa a wurinsu alamar gutsure ce, alhali littattafan Hausa da ake bugawa a Najeriya da waƙafi suke raba dubbai. Wanda ya saba da tsarin farko, in ya ga 1,267, zai iya ɗauka ɗaya ce da ɗan wani abu. A wannan rubutun waƙafi dubbai yake rabawa. Faɗar lambar da baki ma tana da nata tarko, domin “dubu ɗari biyu da sittin da bakwai” tana iya zama 267,000, tana kuma iya zama 200,067, shi ya sa mai kula yakan maimaita kalmar dubu, ya ce miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da dubu sittin da bakwai. Idan kuma kuɗi ne, sai ka tambayi ma'aunin da aka ƙirga da shi, tunda dala ɗaya tamma biyar ce, jika kuma dala ɗari biyu. Sefa 1,267,000 ita ce jika 1,267, ita ce kuma dala 253,400, kuɗi ɗaya amma lambobi uku masu hali daban-daban.

Gwaje-gwajen da ido kaɗai yake yi

Tambaya ta farko ita ce cika ce ko mara, wato 2 tana raba ta daidai ko a'a, kuma alƙalamin ƙarshe ne ke ba da amsa. Lambarmu ta ƙare da sifili, don haka cika ce, kuma 5 da 10 suna raba ta. Wannan bambanci na cika da mara ba ƙaramin abu ba ne a wurin magabata: malamin nan Bakatsine, Muhammadu bin Muhammadu al-Fulani al-Kishnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake cika hatimin lambobi (wanda kowane layinsa jimilla ɗaya yake bayarwa) mai gidaje mara a kowane layi, domin hanyar cika shi daban take da ta mai gidaje cika. Don sanin ko 4 tana raba lamba, alƙaluma biyu na ƙarshe ake dubawa, don 8 kuma uku na ƙarshe. Dalili shi ne 100 ita ce 4 × 25, 1,000 kuma 8 × 125, don haka duk abin da ke gaban waɗannan alƙaluman ya riga ya rabu. Tunda tamu ta ƙare da sifili uku, 8 da 125 duk suna raba ta.

Gwajin 3 da na 9 shi ne a tara alƙaluman lambar. A nan 1 da 2 da 6 da 7 sun ba da 16, wadda 3 ba ta raba ta, don haka 3 da 6 da 9 da 12 duk sun fita. Ina roƙon mai karatu kada ya haddace wannan doka ba tare da sanin dalilinta ba. Goma ita ce tara da ɗaya, ɗari ita ce 99 da ɗaya, dubu ita ce 999 da ɗaya, saboda haka in ka raba dubu bakwai da tara, tarorin za su tafi, bakwai ɗin nan ce za ta rage. Kowane alƙalami kansa yake bari a matsayin saura, ko a wane gida yake zaune. Shi ya sa gwajin ba ya tsaya ga i ko a'a, har sauran yake faɗa maka: 16 in aka cire tara saura 7, kuma 7 ce sauran 1,267,000 in aka raba ta da 9. Malaman da ke rabon gado sun fi kowa sanin amfanin wannan. A ce dukiyar da aka bari sefa 1,267,000 ce, tumunin mata zai fita daidai, 158,375, amma sudusi ba zai fita ba, zai ba da 211,166 da saura 4, kuma malami zai iya sanin haka tun bai ɗauki alƙalami ba.

Akwai gwaji guda da yake jifan tsuntsu uku da dutse ɗaya, wanda na fi so a cikin duka. Idan ka ninka 7 × 11 × 13 za ka samu 1,001, wato dubu da ɗaya. Ka yanka lambarka gida uku-uku daga dama, sa'an nan ka riƙa ɗebewa da tarawa bi da bi. A 1,267,000 yankunan su ne 000 da 267 da 1, ka tara na farko da na uku ka samu 1, ka cire ta daga 267 ka samu 266. Duk wadda ta raba 266 a cikin 7 da 11 da 13, to ta raba babbar lambar. 266 ita ce 7 × 38, don haka 7 ta shiga. 11 tana barin saura 2, 13 tana barin saura 6, don haka su biyun ba su shiga ba. In aka raba faɗin ƙasar daidai wa daida tsakanin jihohi bakwai da ba Yamai ba, kowace za ta tashi da 181,000, ko da yake a zahiri jihar Agadas kaɗai ta ɗauke fiye da rabin ƙasar.

Wargaza ta zuwa tubalai

Akwai lambobin da ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43, 47 da sauransu. A aji da Faransanci muke kiran su, amma da Hausa ni tubali nake ce musu, domin da su ake gina kowace lamba ta hanyar ninkawa, kamar yadda magini yake tada ɗaki da tubalin laka. Ba a sa 1 a cikinsu, kuma da dalili: kowace lamba da ta wuce 1 hanya guda tak ake gina ta da tubalai, in aka bar 1 ta shiga sai hanyoyin su zama ba iyaka, tunda ana iya ninkawa da ita ko sau nawa ba abin da zai canza. Uƙlidis na Iskandariyya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tabbatar cewa tubalai ba su ƙarewa. Bayansa Eratostenis, ɗan garin Kirene da ke Libiya ta yau, ya nuna hanyar tankaɗe su: ka jera lambobi, ka soke duk ninkin 2, sa'an nan duk ninkin 3, sa'an nan na 5, abin da ya tsaya a rariya shi ne tubali. Ina ba kowane ɗalibi shawara ya tankaɗe lambobi daga 1 zuwa 200 da hannunsa sau ɗaya, ya ajiye takardar a bangon kayensa. Zai samu tubalai 46, kuma za su ishe shi mafi yawan aiki.

Lambarmu ta farko ba ta da gardama. Sifili uku na nufin 1,000 × 1,267, dubu kuma ita ce 2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5. Mun riga mun san 7 tana ciki, 1,267 in aka raba da 7 ta ba da 181. Saura a san ko 181 tubali ce, kuma a nan dokar da ta fi kowace rage wahala take shigowa. In lamba tana rabuwa gida biyu, ɗaya daga cikin biyun ba zai wuce tushen murabba'inta ba, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ita, domin in duka biyun sun wuce shi, ninkinsu zai zarce lambar. Tunda 13 × 13 ita ce 169, 14 × 14 kuma 196, tubalan da za a gwada ba su wuce 13 ba. Babu wanda ya raba 181 a cikin 2, 3, 5, 7, 11 da 13, don haka tubali ce. Ginin ya fito fili ke nan:

1,267,000 = 2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5 × 7 × 181

Maƙwabciyar, 1,267,001, ita ce mai koyar da haƙuri. Wani abu za ka samu kyauta tun farko: lambobi biyu da ke jere ba su taɓa tarayya a tubali, domin duk wanda ya raba ta farko zai bar saura 1 a ta biyu, saboda haka 2 da 5 da 7 da 181 sun fita ba tare da gwaji ba. Alƙalumanta sun taru 17, don haka 3 ta fita. Gwajin 1,001 ya ba da 267 a cire 2, wato 265, wadda 11 da 13 ba su raba ta. Daga nan kuma babu dabara, sai rabawa ta gaske. Iyakar gwajin ita ce 1,125, domin 1,125 × 1,125 ita ce 1,265,625, ita kuma 1,126 × 1,126 ta haura zuwa 1,267,876, kuma tubalan da ke ƙasa da wannan iyaka guda 188 ne.

Wata rana da hantsi na rubuta wannan lambar a allo na kira wata ɗaliba ta fito. Ta raba da 17 ta samu saura 8, ta raba da 19 ta samu saura 5, sai ta ajiye allin, ta kakkaɓe hannunta, ta juyo ta ce, “Mushe, wannan ba ta rabuwa.” Na ce mata, “Ɗiyata, tubali takwas kika gani cikin 188, ƙara ɗaya mu gani.” Ta koma ta gwada 23, ta sauko da rabon layi bayan layi, har 161 ta tsaya a ƙasa, ta rubuta 7, sifili ya fito. Amsar ita ce 55,087. Kuskuren da ta kusa yi shi ne wanda na fi gani a wurin masu koyo, wato yanke hukunci cewa lamba tubali ce don kawai ƙananan tubalai sun kasa ta. Ba a kiran lamba tubali sai an kai iyakar gwajin.

Da zarar tubali ɗaya ya shiga, ka bar babbar lambar ka koma kan abin da ya rage, iyakar ma sai ta sauko. Yanzu aikin na kan 55,087 ne, iyakarta kuma 234. Kada ka koma kan 2 da 3 da sauran waɗanda suka riga suka kasa, domin wanda bai raba uwar ba ba zai raba ɗiyar ba. Amma ka sake gwada 23 ɗin, don tubali yana iya fitowa fiye da sau ɗaya. A nan ta bar saura 2, 29 ta bar saura 16, 31 kuwa ta shiga daidai ta ba da 1,777. Iyakar 1,777 ita ce 42, saura a gwada 31 da 37 da 41 ke nan, waɗanda suka bar saura 10 da 1 da 14. Saboda haka:

1,267,001 = 23 × 31 × 1,777

Kafin ka wuce, ka auna aikinka da zubar da tara. Alƙaluman 23 sun taru 5, na 31 sun taru 4, na 1,777 sun taru 22, wato 4 in aka zubar da tara biyu. 5 × 4 × 4 ta ba da 80, sauranta 8, babbar lambar ma 17 ce, sauranta 8. Sun dace. Wannan awo yana kama yawancin kurakurai, amma ba ya kama wanda ya juya alƙaluma biyu, ya rubuta 76 a maimakon 67, don haka in abin mai muhimmanci ne ka sake ninkawa gaba ɗaya.

Abin da ake karantawa daga tubalan

Tambayar da aka fi yi ita ce lambobi nawa ne ke raba ta daidai. Ba sai ka jera su ba. Duk mai raba 1,267,000 daga cikin tubalanta ake haɗa shi, don haka ka tambayi kanka: 2 guda nawa zan ɗauka? Kana iya ƙin ɗauka, ko ka ɗauki ɗaya, ko biyu, ko uku, zaɓi huɗu ke nan. Haka 5 ma zaɓi huɗu, 7 zaɓi biyu, 181 zaɓi biyu. Ka ninka su, 4 × 4 × 2 × 2, ka samu 64. Dokar ita ce ka ƙara ɗaya a kan yawan fitowar kowane tubali, sa'an nan ka ninka. Maƙwabciyar kuwa 2 × 2 × 2 ce, takwas kacal: 1, 23, 31, 713, 1,777, 40,871, 55,087 da ita kanta. A ce 'yan kasuwar albasar Galmi sun yi tarayya sun samu ribar 1,267,000, za ta rabu daidai ko su biyu ne, ko huɗu, ko biyar, ko bakwai, ko takwas, ko goma, ko goma sha huɗu. In tamma ɗaya ta hau kai, ba za ta ƙara rabuwa daidai ba sai sun kai mutum 23.

Jimillar masu raba ta ma daga tubalan take fitowa. Ga kowane tubali ka tara zaɓuɓɓukansa: na 2 su ne 1 + 2 + 4 + 8, wato 15, na 5 su ne 1 + 5 + 25 + 125, wato 156, na 7 su ne 1 + 7, wato 8, na 181 kuma 182. Ninkin 15 × 156 × 8 × 182 shi ne 3,407,040. Dalilin da ya sa wannan ke aiki shi ne, in ka buɗe ninkin, kowane mai rabawa zai fito sau ɗaya tak. Ka cire lambar kanta, saura 2,140,040. Daga nan ne tsohon rabe-raben nan yake tasowa, wanda Nikomakus na Jarash ya rubuta wajen shekara ta 100 miladiyya, malaman Larabawa kuma suka gada. In jimillar ƙananan masu raba lamba ta zarce ta, lamba ce mai rara; in ta gaza, mai giɓi ce; in ta yi daidai da ita, kammalalliya ce. Tamu mai rara ce. Maƙwabciyar, da 24 × 32 × 1,778 ya ba da 1,365,504, in aka cire ta saura 98,503 kawai, don haka giɓinta mai zurfi ne.

Akwai gajeriyar hanya a nan da ta cancanci a sani. Duk ninkin lamba mai rara mai rara ne, haka duk ninkin kammalalliya da ya fi ta girma. 20 mai rara ce, domin 1 + 2 + 4 + 5 + 10 sun ba da 22, saboda haka duk lambar da ta ƙare da sifili biyu an gama maganarta da kallo ɗaya. Kammalallu kuwa ba su da yawa: 6, 28, 496, 8,128, ta biyar kuma sai 33,550,336, don haka tsakanin dubu goma da miliyan talatin babu ko ɗaya, kada ka ɓata lokacin nema. Duk waɗanda aka gano cika ne, kuma har yau masana ba su warware ko akwai kammalalliya mara ba. Da wannan jimillar ce kuma ake gane lambobi aminan juna, irin 220 da 284, waɗanda ƙananan masu raba kowace suke taruwa su ba da ɗayar. Sabitu bin Ƙurra ya fitar da dokar samo irinsu a Bagadaza a ƙarni na 9. In kana so ka gwada tamu, sai ka ɗauki 2,140,040 ka yi mata irin wannan lissafi ka ga ko za ta dawo da kai 1,267,000. Ba za ta dawo ba, domin ita ma ninkin 20 ce, mai rara ce, gaba za ta tura ka.

Ko murabba'i ce, wato ninkin wata lamba da kanta? Sai in kowane tubali ya fito sau cika. A tamu duka huɗun sau mara suka fito, don haka a'a. Ido ma ya isa, domin murabba'i ba ya ƙarewa da 2 ko 3 ko 7 ko 8, in kuma da sifili ya ƙare to sifilan cika ne, namu kuwa uku ne. Tambayar da ta fi wannan daɗi ita ce ko za a iya rubuta lambar a matsayin jimillar murabba'i biyu, kamar yadda 181 take 100 da 81, ko 1,777 take 1,521 da 256, wato murabba'in 39 da na 16. Dokar, wadda ta samo asali daga Fermat ɗan Faransa, Euler kuma ya tabbatar da ginshiƙinta, ita ce ka nemi tubalan da ke barin saura 3 in aka raba su da 4, irin 3, 7, 11, 19, 23, 31. In ɗayansu ya fito sau mara, ba za ta yiwu ba. 7 ta hana ta farko, 23 da 31 sun hana ta biyu. Da murabba'i huɗu kuwa kowace lamba tana yiwuwa, kamar yadda Lagrange ya tabbatar a 1770.

Wasu abubuwa biyu da ake yawan ambata ba su buƙatar dogon bayani. Yawan lambobin da ke ƙasa da tamu waɗanda ba su tarayya da ita a kowane tubali ana samun sa ne in aka ɗauki rabinta, sa'an nan kashi huɗu cikin biyar na abin da ya fito, sa'an nan shida cikin bakwai, sa'an nan 180 cikin 181, amsar 432,000. Rubutun kwamfuta kuma, mai sifili da ɗaya kawai, ana samun sa ta hanyar rabawa da 2 a kai a kai ana ajiye saura, sa'an nan a karanta sauran daga ƙasa zuwa sama. Tamu ta zama 100110101010100111000, gida 21, kuma sifili ukun da ke ƙarshenta su ne 2 guda ukun nan da muka gani a gininta.

Inda gwajin tubali ɗaya-ɗaya ya gaza

Wata lambar tubalanta duka manya ne, kuma gwaji daga ƙasa zai cinye yini. Ka ɗauki 1,022,117. Tubalai 168 da ke ƙasa da dubu duk za su kasa ta. Fermat ya kawo wata hanya da take farawa daga tsakiya: ka nemi murabba'in farko da ya zarce lambar, ka cire ta daga cikinsa, ka duba ko abin da ya rage murabba'i ne. 1,011 × 1,011 ita ce 1,022,121, a cire lambar saura 4, wato 2 × 2. Sai ka cire 2 daga 1,011 ka kuma ƙara 2 a kanta, ka samu 1,009 da 1,013, su ne tubalanta. In saura bai zama murabba'i ba, ka matsa zuwa 1,012, sa'an nan 1,013, haka dai. Hanyar tana da sauri ne in tubalan suna kusa da juna, don haka shawarata ita ce ka gwada tubalai har zuwa 47 ko 100, in sun kasa ka yi taku goma na Fermat, kafin ka koma doguwar hanya.

Ana kuma iya gane lamba ba tubali ba ce tun ba a san masu raba ta ba. Fermat ya faɗa a 1640 cewa in lamba tubali ce da ta wuce 2, ka jera 2 adadin lambar ba ɗaya ka ninka su, in ka raba da ita saura 1 zai fito. Ga 7, 2 guda shida sun ba da 64, wato tara sau bakwai da saura 1. Lambar da ta faɗi wannan gwaji tabbas tana rabuwa, amma wadda ta ci ba lalle ba ne tubali, domin 341 tana ci alhali 11 × 31 ce, 561 kuma, wadda take 3 × 11 × 17, tana ci ko da an maye gurbin 2 da kowace lambar da ba su tarayya a tubali. Kwamfuta tana amfani da gyararrun nau'o'in wannan gwaji, kuma da irin waɗannan dabaru, na musamman ga lambobin Mersenne, wato waɗanda ake samu in aka ninka jerin 2 aka cire ɗaya, aka gano a watan Oktoba na 2024 cewa in aka jera 2 guda 136,279,841 aka ninka aka cire ɗaya, tubali ce mai alƙaluma 41,024,320. Wargazawa kuwa har yanzu aiki ne mai nauyi ko ga kwamfuta, kuma a kan wannan nauyin aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977, wanda har yau yana cikin abin da ke tsare sirrin mutane a intanet.

Idan lambar ta wuce alƙaluma takwas ko tara, babu laifi ka nemi taimakon na'ura, amma ka kula da abu biyu. Kalkuletar salula takan taƙaita doguwar amsa ta zubar da alƙaluman ƙarshe, kuma su ne ake bukata, don haka in ta nuna maka rabo kamar ya fita daidai, ka ninka amsar da hannunka ka gani. Na biyu, nemo tubalai ne ke da wuya, tabbatar da su ninkawa ce kawai, kuma ita kowa yana iyawa. Frank Nelson Cole ya yi haka a gaban taron masana a New York a 1903, inda ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 a allo ya nuna cewa su ne suka gina lambar da ake samu in aka jera 2 guda 67 aka ninka aka cire ɗaya. Fermat da kansa ya zaci 4,294,967,297 tubali ce, har Euler ya nuna a 1732 cewa 641 × 6,700,417 ce. Ka auna wannan da zubar da tara: 641 ta bar 2, 6,700,417 ta bar 7, ninkinsu 14 ya bar 5, alƙaluman babbar lambar kuma sun taru 59, wadda ita ma ta bar 5. Daga nan sai ka ɗauki biro ka yi ninkin gaba ɗaya, layi uku ne kawai.